Aron Bilya Zuwa Kwatano

Da sunan Allah nake buɗe wannan labari, Shi da Ya kai mu, Ya kuma dawo da mu.

A shekarar da aka cire tallafin man fetur, lokacin da rabin mutanen Kaduna suka koma tafiya a ƙasa, a shekarar ce na kai yaran makarantarmu Kwatano. Tun da na dawo ban samu sakat ba. A ƙofar masallacinmu na Abakpa, a majalisar bayan la'asar, har a teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Malam Isiyaku, wai me ya kai malamin Arabiyya ƙasar masu Faransanci da ƙwallo mai kama da gwanda?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajamin da hannuna ya saba da shi, 'yata ta juya shi zuwa boko, domin wanda ya tambaya in miƙa masa in huta.

Sunan wasan zari-ruga. Ka ɗauki ƙwallo a hannu ka ruga da ita, ka dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan karawa, su kuma su rungume ka su kayar kafin ka kai. Ba a miƙa wa ɗan'uwa ƙwallo ta gaba, sai ta baya. Irin wanda muke yi mutum bakwai-bakwai ne. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya kawo mana shi, ya gama hidimarsa ya tafi, ya bar mana ƙwallaye da yaran da suka riga suka kamu da son abin. Shugaban makaranta ya ce ni zan riƙe su tare da Mista Yohanna, malamin motsa jiki. Dalilinsa shi ne iyaye sun yarda da ni, kuma wani ya tsegunta masa cewa na taɓa kokawa da ƙuruciya. Mista Yohanna ya san dokoki, ni kuma na san yadda ake kai mutum ƙasa ba tare da an karya shi ba. Haka muka lallaɓa.

Kakar wasan ba ta yi mana daɗi ba. Motar makaranta ta zauna a gindin bishiya saboda tsadar mai. Yaran da ke Kurmin Mashi da gaba da nan sai su tako a ƙasa har filinmu na Unguwar Rimi, su iso a gajiye kafin a ma fara. Muka yi ta shan kashi. Sannan wani yaro ya faɗi a kan kafaɗa ya karye, aka kai shi ɗori. Ba a yi mako ba iyaye suka fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba.

Ana cikin haka ɗan bautar ƙasar nan ya haɗa mu da masu shirya wasan makarantu a Kwatano, a ƙasar Benin, a hutun damina. Su za su ɗauki nauyin mota da masauki. Shugaban makaranta ya kira mu ya ce, "Ku je. In kun dawo da abin nunawa, zan samu bakin yi wa iyaye magana. In ba haka ba, a mayar wa 'yan ƙwallon ƙafa filinsu."

Yara tara suka rage mana, kuma babu Bilya a cikinsu. Bilyaminu shi ne wanda in ya samu fili ba a kama shi. Yaro ne mai kunya ƙwarai. Tun da nake koyar da shi ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba; in ya hango ni daga nesa zai durƙusa, ya gaishe ni yana kallon takalmina. Mahaifinsa, Malam Tanimu, maƙerin tukwanen dalma ne a Kurmin Mashi, kuma mun daɗe da sanin juna, tun muna samari. Yana cikin waɗanda suka fara janye ɗansu.

Na same shi a rumfarsa yana zuba narkakkiyar dalma, Bilya na tsugune yana juya masa zugazugi. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

"Malam Isiyaku, kai mai karatu ne. A wane littafi ka ga an ce a tara 'ya'yan mutane su riƙa karo kamar raguna?"

"Ban gani ba, Malam Tanimu."

"To."

Ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na ci gaba da zama. Sai da ya gama tukunyar ya aiki Bilya sayo gawayi, sannan ya juyo.

"Tun da na hana yaron nan, ko tuwonsa ba ya cinyewa. Ba ya ce mini komai, amma ina da ido. Ka tafi da shi. Sai dai aro na ba ka, ba kyauta ba. Da ƙafafunsa, da hannuwansa, da hankalinsa. Yadda na ba ka haka nake so."

Na ce in Allah Ya yarda, na miƙa masa hannu. Sai ya dubi hannun nawa, ya mayar da nasa baya.

"Riƙe abinka. Ranar da ka dawo mini da shi, ranar za mu gaisa."

Ban taɓa rabuwa da mutumin nan ba tare da musabaha ba sai ran nan. Na fito da hannuna a sanyaye, kuma haka na tafi da shi har Kwatano.

Mun tashi bayan sallar asuba a wata bas ta haya. Na ja addu'ar tafiya, yara suka amsa, Mista Yohanna ma ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Hanyar Abuja kowa ya san abin da ake jin tsoro a cikinta, don haka carbina bai huta ba sai da muka ga duwatsun Zuba. Na zaunar da Bilya a kusa da ni, nesa da ƙofa. Duk inda aka tsaya sai na ƙirga kawuna, in fara da nasa, in ƙare da nasa.

A Lakwaja muka tsaya yin sallah, muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru. Ina sallamewa na nemi Bilya na rasa. Na zabura na fita nemansa. Can na hango shi a tsallaken titi, tireloli na wucewa tsakaninmu, yana riƙe da soyayyen kifi a takarda. Ashe ni ya je sayo wa, don ya ga ban ci komai ba tun safe. Na yi niyyar yi masa faɗa, sai ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu, kansa a ƙasa. Na karɓa kawai.

Bayan Okene taya ta fashe, jak ɗin direba kuma ya ƙi ɗagawa. A nan Auwalu ya yi rana. Auwalu shi ne ƙatonmu, yara na kiransa Tanka, kuma bakinsa bai fi jikinsa hutawa ba. Ya tara 'yan'uwansa suka sa kafaɗa kamar yadda suke yi a fili, suka tallafe motar har direba ya cusa dutse.

"Direba," in ji Tanka, "ka sayar da jak ɗin nan ka ɗauke ni aiki. Abinci kawai za ka riƙa ba ni."

"Ai gara in sayi sabuwar mota," in ji direba. "Ta fi ka sauƙin ciyarwa."

A unguwar Sabo ta Ibadan muka kwana, a zauren wata makarantar Islamiyya. Wata dattijuwa Bayarabiya ta kawo mana amala, baƙin tuwonsu na garin doya. Yaran da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Tanka ya leƙa kwano ya ce da ni a hankali, "Malam, tuwon nan ƙonewa ya yi, ko haka Allah Ya halicce shi?"

Dattijuwar ta juyo ta ce da Hausa tsantsa, "Kai ne ka ƙone, ɗan nema! Ci ka ba ni kwanona."

Ya cinye, ya nemi ƙari, ta ƙara masa tana zaginsa yana yi mata godiya.

Legas ba zan ce na gan ta ba, bayan motar da ke gabanmu na gani. Daga nan zuwa iyaka shingaye ne ba iyaka, kowane shinge a buɗe jakar ƙwallaye, a juya ɗaya a hannu, a tambaye mu wa ya zauna a kanta ta lotse haka.

A iyakar Seme ne na fara ganin tashin hankali. A ɓangarenmu an duba takardun tafiya da katin rigakafi da izinin iyaye, muka wuce. A ɗaya ɓangaren wani jami'i yana ɗaukar takardar kowane yaro, ya dubi hoto, ya dubi fuska. Da aka zo kan Bilya, sai yaron ya durƙusa ya kafa ido a ƙasa. Jami'in ya yi magana da Faransanci, ya nuna idonsa da yatsu biyu. Bilya ya ji an ɗaga murya, sai ya ƙara sunkuyar da kai. Jami'in ya ɓata rai, ya ware takardar gefe, ya nuna wa yaron wani benci a ciki. A ganinsa wanda ke ɓoye fuska yana da abin ɓoyewa, wataƙila ma hoton ba nasa ba ne. Mista Yohanna ya yi ta Turanci, ba a saurare shi ba. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga, ina tunanin ko fili ba mu shiga ba ga ɗan Malam Tanimu a hannun hukuma.

Allah Ya kawo Alhaji Garba, wanda masu shirya wasan suka turo ya tarbe mu. Haifaffen Zangon Kwatano ne, kakansa fataucin goro ya kawo shi daga Kano. Hausarsa akwai daɗi, sai dai makaranta lakwal ce a bakinsa, likita kuma lokotoro. Ya yi wa jami'in bayani cewa a wurinmu yaro mai tarbiyya ba ya kallon babba ido cikin ido. Jami'in ya ce ya ji, amma shi aikinsa ganin fuska ne.

Na matsa na ce, "Bilya, ɗago kanka. Ni na sa ka, ba rashin kunya ba ne."

Ya ɗago kamar an ɗora masa buhun masara a wuya, ya dubi fankar da ke saman jami'in, ya yi sauri ya mayar. Jami'in ya fashe da dariya, ya buga hatimi.

An sauke mu a ɗakin kwanan ɗaliban wata makaranta, ba nisa da teku. Yara suka tsaya suna kallon ruwan ba mai magana, har Tanka. Ni dai na ce duk wanda ya jiƙa ko da idon sawunsa, a mota zai zauna har mu koma.

Abubuwan garin da yawa sun bambanta da namu. 'Yan acaɓansu duk riga mai ruwan ɗorawa suke sawa, ga su da yawa kamar fari. Fetur a kwalabe ake sayar da shi a bakin hanya, kuma wani mai sayarwa da ya ji daga inda muka fito sai ya kama kai ya ce ta bakin Alhaji Garba, "Ku kuka cire tallafi, mu muke kuka." Da rana tsaka ofisoshi da yawa sukan rufe, a je a ci abinci a kishingiɗa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Tanka ya ce in aka rasa makami a gida ya isa. Naman da za mu ci kuwa ban yarda ba sai da Alhaji Garba ya kai ni wurin mahaucin Zango na ga yankan da idona.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gaisuwar yaransu. Yaro ƙarami zai zo a tsaye, ya miƙo maka hannu, ya zuba maka ido. Da farko na ɗauka fitsara ce. Alhaji Garba ya ce a lakwal haka ake koya musu, wanda ya kau da ido shi ne mara gaskiya. Na ce ikon Allah, abin da ake dukan yaro a kansa a wani gari, shi ake yaba masa a wani.

Wasan farko an lallasa mu. Yaranmu sun ga filin ciyawa mai laushi da 'yan kallo, sai suka rikice, har wani ya jefa ƙwallo gaba kamar bai taɓa jin doka ba. Bayan an tashi sai muka ga wata al'ada: waɗanda suka ci mu suka yi layi biyu, suna tafa mana muna wucewa ta tsakiya. Tanka ya tsaya ya ce, "Malam, ba'a suke mana?" Aka ce a'a, haka ake yi, mu ma mu yi musu. Abin ya kwantar wa yaran da hankali. Wasa na biyu muka ci, na uku ma muka ci, duk da gudun Bilya. Duk sanda aka kai shi ƙasa sai na ji kamar ni aka kayar, ba na numfashi sai ya miƙe.

Amma mun biya. Yara biyu suka gurɗe a ƙafa, ɗaya kuma cikinsa ya ɓaci tun safe. Da muka kai wasan kusa da ƙarshe washegari, bakwai cif muke, ba ko ɗaya a benci. Wanda ya ci wannan wasa ya tabbata zai koma gida da wani abu a hannu.

Muna gaba da ɗan kaɗan, gab da hutun rabin lokaci, aka kayar da Bilya, yara suka taru a kansa ana neman ƙwallo. Daga inda nake na ga kamar gwiwar wani ta same shi a gefen kai, amma ban tabbatar ba. Ya miƙe da kansa, aka busa hutu. Na roƙi Alhaji Garba ya kira likitar fili ta duba shi. Mace ce mai natsuwa. Ta tambaye shi sunansa, da garin da yake, da waɗanda muke karawa da su, Alhaji Garba na fassarawa. Bilya ya dube ta tar a ido, ya ba ta amsa da ƙarfi, duk daidai. Ta ce ba ta ga bugun ba, kuma yanzu ba ta ga wata alama ba, amma mu sa masa ido.

Mista Yohanna ya sauke ajiyar zuciya. "Mun gode Allah. Bilya, sha ruwa ka koma."

Bilya ya taho wurina. Bai durƙusa ba. Ya tsaya ƙiƙam a gabana, ya zuba mini ido, ya sa hannun hagu ya fizge gorar ruwan da ke hannuna.

"Isiyaku," ya ce, "wa ke ci?"

Tanka ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. Ran nan na fara ganin ƙwayar idon yaron nan. Idon na kaina, amma kamar bango yake kallo.

Na ce, "Ba zai koma ba."

"Malam Isiyaku!" in ji Mista Yohanna. "Likita ta ce lafiya. Zafin wasa ne kawai. In ka cire shi shida za mu rage. Ka san abin da shugaba ya ce."

"Na sani."

"Minti bakwai ne fa kacal. Duk wahalar da yaran nan suka sha, a ƙasa suke zuwa fili..."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba don kansa yake faɗa ba. Na dubi sauran yaran, duk ni suke kallo. Na san in na cire shi, wataƙila na rufe musu wasan ke nan har abada. Amma aka ce mini da ƙafafunsa, da hannuwansa, da hankalinsa.

Na ce da Alhaji Garba, "Gaya wa likita, yaron nan shi ne wanda aka tsare a iyaka don ya ƙi kallon jami'i. Bai taɓa kallona ba, bai taɓa kama sunana ba. Wannan da ke tsaye ba halinsa ba ne."

Alhaji Garba ya dafe baki, don ya tuna. Ya yi mata bayani da sauri. Fuskarta ta sauya nan take. Ta ce canjin hali babbar alama ce, kuma ita ba ta da hanyar saninsa sai an gaya mata. Ta ɗaga wa alƙalin wasa hannu.

Bilya ya ji an ce ba zai koma ba, sai ya zabura zai shiga fili. Na rungume shi ta baya, irin riƙon da na daɗe ban yi ba, na zauna da shi a ƙasa. Yana ta fizge-fizge yana cewa, "Sake ni, kai tsoho! Sake ni!" Can ya lafa, ya juyo ya sake tambayata, "Wa ke ci?" Na faɗa masa. Ba a jima ba ya sake tambaya. Kafin motar asibiti ta iso ya yi amai.

Ban ga sauran wasan ba. An ce yaranmu shida sun yi abin da za su iya, Tanka ya kayar da mutum biyu a tashi ɗaya, amma aka ci mu a ƙarshe. Mun tashi ba kofi, ba komai.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa. Ina zaune a benci ina jan carbi, ban san me nake karantawa ba. Bayan la'asar likitan asibitin ya fito ya ce babu jini a ciki, babu tsagewa, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Yana bukatar hutu a ɗaki mai duhu, ba waya, ba hayaniya, ba doguwar tafiya sai bayan 'yan kwanaki. Ya ƙara da cewa da an sake bugunsa a wurin ran nan, da labarin zai iya zama wani. Na fita waje na kira Malam Tanimu. Na faɗa masa komai yadda ya faru, ban rage ba.

Da na gama sai ya tambaye ni.

"Ya san inda yake?"

"Wani lokaci ya sani, wani lokaci ya tambaya."

"To," ya ce, ya kashe.

Wannan "to" ɗin ta hana ni cin abinci. Mista Yohanna ya koma da sauran yara, ya bar mini Tanka don ya taya ni. Da za mu rabu ya riƙe kafaɗata ya ce, "Ni zan yi wa shugaba bayani. Da ni kaɗai ne a wurin, da na mayar da shi." Alhaji Garba ya ɗauke mu zuwa gidansa a Zango, ya ba mu ɗaki, matarsa ta riƙa dama wa Bilya kunu irin na gida. Yaron da gwiwarsa ta bugi Bilya ya zo da mahaifiyarsa dubiya, ya kawo masa rigar wasansa kyauta, wai haka suke yi. Bilya ya karɓa yana kallon kowa ido cikin ido, kuma duk kallon da ya yi mini sai in san bai dawo daidai ba. Kullum in na yi sallah roƙona ɗaya ne: Allah Ka mayar wa yaron nan da kunyarsa.

Wata safiya na dawo daga masallacin Zango, na yi sallama a ƙofar ɗaki. Sai na ji motsi. Bilya ya sauko daga katifa, ya durƙusa, ya kafa ido a kan takalmina.

"Ina kwana, Malam."

Na jingina da bango, na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba.

Bai tuna komai ba daga hutun rabin lokaci. Na gargaɗi Tanka kada ya faɗa masa, amma gargaɗin Tanka ɓata baki ne. Ina fita na ji shi yana cewa, "Kai, Bilya, ashe kai jarumi ne! 'Isiyaku, wa ke ci?' Da hannun hagu fa! Har da 'kai tsoho'!" Yinin ranar Bilya bai fito daga cikin mayafi ba. Da yamma ya zo ya durƙusa yana hawaye, wai in yafe masa. Na ce ba abin yafewa, wannan rashin kunyar ita ta cece shi.

Da likita ya sallame mu muka kamo hanya. A iyaka muka tarar da jami'in nan dai. Ya ɗauki takardar Bilya, ya gane shi, ya nuna idonsa da yatsu biyu yana murmushi. Bilya ya sunkuyar da kai. Wancan karon gumi na yi. Wannan karon ji na yi kamar in ba jami'in goro. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Tun daga Legas har Kaduna ina juya maganar Malam Tanimu. Yadda na ba ka, ya ce. To, an ba ni yaro lafiyayye, zan mayar da wanda ya kwana a asibiti.

Ban biya gida ba, kai tsaye Kurmin Mashi muka nufa da jakunkunanmu. Malam Tanimu na rumfa, ƙanin Bilya na juya zugazugi. Na yi sallama ya amsa, bai ba ni wurin zama ba. Bilya ya durƙusa ya gaishe shi. Uban ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zagaya yaron. Ya ce ya miƙe, ya miƙe. Ya ce ya ɗaga hannuwa, ya ɗaga. Ya shafa gefen kansa a hankali da bayan hannu.

"Tukunyar da na ce ka kai wa Hajiya ta Unguwar Rimi kafin ka tafi, wace lamba ce?"

"Lamba goma ce, Baba. Ta ce murfin bai zauna ba, na dawo da shi, yana bayan buhun gawayi."

Malam Tanimu ya leƙa bayan buhun. Murfin na nan.

"Dube ni," ya ce.

Bilya ya ɗago kaɗan, ya dubi rufin rumfar, ya mayar da kai ƙasa.

Uban ya juyo gare ni. "Malamin nan Kirista, Mista Yohanna, ya zo nan da kansa. Ya ce da ka bar yaron ya ƙarasa, da wataƙila kun ci."

"Wataƙila."

"Ya ce shugabanku bai yanke komai ba tukuna a kan filin."

"Har yanzu dai muna jira."

"Kuma ka san haka ka cire shi."

"Aro ne, Malam Tanimu."

Ya dubi wutar maƙerarsa. Sannan ya ce, "Kada ka ɗauka na ce zai koma wasan nan. Sai likita ya faɗi tasa, sannan ni in faɗi tawa."

Na ce na ji.

Ya dubi tafin hannunsa, baƙi ƙirin da gawayi da toka. Ya nemi tsumma zai goge, bai gani ba. Ni kuma ban jira ba, na miƙa nawa. Ya kama, ya riƙe da ƙarfi, ya ɗora ɗayan a kai, har baƙin ya hau hannun farar rigata.

"Sannu da zuwa, Malam Isiyaku," ya ce. "Yaya hanya? Kai, Bilya, ba ka ga Malam a tsaye ba? Ɗauko masa benci."